Yadda na dawo da hoto a allon kwamfutata bayan sauya mata babbar manhaja

Ni ne nake buga takardun jarrabawa da sakamakon ɗalibai na makarantar Islamiyyar unguwarmu da ke Agege, kuma dukkan wannan aiki yana kan kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya, wadda na saya ta hannu, irin wadda mutanen Legas ke kira tokumbo. Shekara huɗu tana yi mini hidima da Windows 10 ba tare da wata tangarɗa ba. Da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum da yake bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai na duba ko za ta ɗauki Windows 11, na tarar babbar ƙwaƙwalwarta, wato processor, ta Intel ce 'yar zuri'a ta 7, alhali jerin da aka amince da shi galibi daga zuri'a ta 8 ya fara. Ba ni da halin sayen wata, kuma zuciyata ba ta kwanta da in ci gaba da ajiye sunayen 'ya'yan mutane da makinsu a kan manhajar da ba a ƙara toshe mata ƙofofi ba. Wannan ne ya sa na yanke shawarar komawa wata babbar manhajar mai suna Linux Mint, jerin 22, wanda aka gina a kan wani nau'in Linux mai suna Ubuntu 24.04, kuma aka yi alkawarin ci gaba da kula da shi har zuwa shekarar 2029.

Shirin farko bai ba ni wahala ba. Na kwashe takarduna gaba ɗaya zuwa wani rumbun ajiya na waje, na sauke fayil ɗin manhajar mai nauyin kusan gigabait 3 da tsakar dare lokacin da intanet ke da sauri, na rubuta shi a kan filashi da manhajar Rufus. Ranar Alhamis da daddare, bayan sallar isha'i, na soka filashin na kunna kwamfutar, jerin zaɓi ya bayyana, na danna na farko. Tambarin Mint ya fito na 'yan daƙiƙu, daga nan allon ya yi baƙi ƙirin, bai ƙara nuna komai ba.

Na jira minti goma. Na kashe na sake kunnawa har sau uku, kuma kowane karo a daidai wuri ɗaya hoton yake ɗaukewa. Tunanin da ya fara zuwa mini shi ne na ƙona allon, domin ban taɓa ganin kwamfuta ta yi haka ba, ga shi kuma jarrabawar zangon farko saura 'yan makonni. Abin da ya kwantar mini da hankali ƙanana ne guda uku da na lura da su da na natsu. Fankar kwamfutar tana juyawa. Idan na danna madannin Caps Lock, ƙaramar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa, wanda ke nuna akwai mai amsawa a ciki. Sannan a karo na uku, da yake janaretan maƙwabta ya yi shiru, na ji ɗan sautin da Mint ke yi idan ya gama buɗewa. Ashe kwamfutar tana raye, ta ma kai inda aka aike ta, ni ne kawai ba na ganinta. Domin in ƙara tabbatarwa, na haska tocilan wayata a jikin allon ina duba ko akwai hoto dishi-dishi, domin idan fitilar bayan allo ce ta mutu akan hango inuwar rubutu. Ban ga komai ba. Da na cire filashin kuma, Windows ya tashi da hotonsa tar kamar yadda ya saba. Allon lafiyarsa ƙalau.

Zargina na biyu ya faɗa kan filashin, har na yi niyyar sake sauke fayil ɗin, wanda zai ci mini datar mako guda. Kafin haka sai na tuna cewa masu Linux Mint suna wallafa wata doguwar lambar tantancewa mai suna SHA256 tare da kowane fayil. Na lissafa ta fayil ɗina, na gwada da tasu harafi bayan harafi, suka zo daidai. Ina ganin duk mai sayen data da guminsa ya kamata ya san wannan mataki, domin minti biyu yake ci, kuma yana raba mutum da zargin abin da ba shi da laifi.

Washegari da safe, ta wayata, na karanta bayanin da masu manhajar suka rubuta game da fitowar wannan jeri, a nan ne na fara gane abin da ke faruwa. Lokacin da aka kunna kwamfuta, ƙaramar manhajar da ke manne a jikinta tun daga masana'anta, wadda ake kira BIOS ko UEFI, ita ce ke riƙe da allo, kuma hanyar da take nuna hoto mai sauƙi ce wadda kowace na'ura ke ganewa. Bayan 'yan daƙiƙu sai zuciyar Linux ta karɓi ragamar allon, ta miƙa shi ga direban guntun da ke sarrafa hoto. Direba a nan ba matuƙi ba ne, ya fi kama da tafinta. Kamar yadda mai kawo tumatir daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12 yake buƙatar wanda ke jin Hausa da Yarbanci kafin ciniki ya faɗa, haka babbar manhaja ba ta iya magana da guntun hoto sai ta bakin direba. A daidai wannan miƙa ragama ne allona yake yin baƙi, kuma shi ya sa tambarin ke fitowa kafin ya ɓace.

Maganin wucin gadi kalma ɗaya ce: nomodeset. Idan aka ba Linux wannan umarni, sai ya fasa karɓar ragamar allon, ya ci gaba da amfani da hanyar nan mai sauƙi da ya tarar. A jerin zaɓin farko na danna harafin e, rubutu ya bayyana, na nemi layin da ya fara da kalmar linux, na goge quiet splash da ke kusa da ƙarshensa, na rubuta nomodeset a gurbinsu, na danna F10. Rubuce-rubuce suka yi ta gudu a allon, can sai ga fuskar Mint ta bayyana. Daga baya na lura cewa zaɓi na biyu a jerin, wanda suka kira compatibility mode, yana ɗauke da wannan umarni a cikinsa, da na fara da shi da na huta da rubutun.

Girka manhajar kanta bai kai rabin awa ba. A tsakiyar aikin an tambaye ni kalmar sirri ta musamman saboda wani tsarin tsaro mai suna Secure Boot, na rubuta wata ba tare da na tsaya na fahimci amfaninta ba. Da kwamfutar ta sake tashi sai wani shuɗin allo ya fito da rubutun Turanci da zaɓuɓɓuka kaɗan. Duk wanda ya daɗe da Windows ya san shuɗin allo alamar matsala ce, don haka cikin hanzari na danna zaɓin farko, wanda ke cewa a ci gaba da tashi. Ban san cewa na tsallake wata ƙofa da za ta riƙe ni kwana huɗu ba.

Sabuwar manhajar da aka girka ita ma ta ba ni baƙin allo, amma wannan karon ban firgita ba. Na sake kunnawa ina danna Esc har jerin zaɓin GRUB, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da Linux, ya fito, na maimaita abin da na yi, na shiga. Domin kada in riƙa rubuta kalmar kullum, sai na buɗe fayil ɗin saitin GRUB, wato /etc/default/grub, na saka nomodeset a ciki dindindin, na ba da umarnin sudo update-grub. Kwamfutar ta riƙa tashi da kanta, na ɗauka an gama.

Ba a gama ba, kuma wannan zangon ne ya fi damuna, domin hoto yana nan amma ba hoton kirki ba ne. Allon da aka ƙera da girman ɗigo 1920 a 1080 ya tsaya a 1024 a 768, komai ya kumbura ya baje, da'ira ta koma kamar ƙwai, kuma a wurin saiti babu wani girman da za a zaɓa. Madannan ƙara haske da rage shi suka daina aiki, allon yana kan cikakken haskensa dare da rana, batirin da ke kai ni awa uku ya koma bai cika awa ɗaya da rabi ba. A garin da ba ka da tabbacin lokacin da za a kawo wuta, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Fanka kuma ba ta hutawa, ƙasan kwamfutar ya riƙa ɗaukar zafi ko da rubutu kawai nake yi. A kusurwar allon wani gargaɗi yana fitowa kowane tashi, yana cewa tsarin na gudana ba tare da taimakon guntun hoto ba. Ma'anarsa ita ce babbar ƙwaƙwalwar kwamfutar ce take zana kowane ɗigo da kanta, aikin da ba nata ba, shi ya sa take gumi haka.

Na buɗe manhajar kula da direbobi da ke zuwa tare da Mint, ta nuna mini direban da ta ba da shawara a kai, na girka shi, na sake kunna kwamfutar. Babu abin da ya canza. Na cire shi na girka wanda ya girme shi, nan ma shiru. A nan na yi kuskuren da nake ganin shi ne mafi girma: na fara kwafo umarni daga duk inda na gani ina zubawa, biyu uku a lokaci guda, har na kai ban san wanne ne ya yi me ba. Da na ga ina neman ɓata abin da ya rage, sai na tsaya, na ɗauki littafin rubutu na ɗalibai, na rubuta duk abin da na iya tunawa na taɓa tun daga daren Alhamis, bi da bi.

Ranar Litinin shugaban makarantar ya tambaye ni labarin takardun. Na ce masa, "Allah ya gafarta Malam, kwamfutar tana aiki, amma allon bai daidaita ba, ina neman alfarmar kwana biyu." Ya ce, "Malam, kada ka matsa wa kanka. Akwai ɗan ƙanen Alhajin da ke bayan masallaci, a Ikeja yake gyaran kwamfuta, ka je ka same shi." Washegari na hau danfo zuwa Ikeja, na kutsa cikin kasuwar Computer Village ta wajen titin Otigba, ina rungume da jakata saboda cunkoso, har na sami ɗan shagon da yake aiki a saman bene.

Yaro ne matashi mai natsuwa, kuma abin da ya burge ni shi ne bai taɓa kwamfutar ba sai da ya karanta littafina daga farko har ƙarshe. Daga nan ya buɗe tagar umarni ya rubuta inxi -G, wanda ke lissafa na'urorin hoto da direban da kowace ke amfani da shi. Ya juyo da allon wajena ya ce, "Malam, duba nan. Kwamfutarka guntun hoto biyu gare ta, ba ɗaya ba." Na farkon na Intel ne, yana cikin babbar ƙwaƙwalwa, ba ya cin wuta sosai, shi ke ɗaukar aikin yau da kullum. Na biyun na wani kamfani ne daban, mai ƙarfi, an tanade shi domin aiki mai nauyi kamar tace bidiyo. A Windows su biyun suna karɓa-karɓa a ɓoye, shi ya sa na shekara huɗu ban san da zaman na biyun ba. Direban gama-gari da ke zuwa a cikin filashi bai daidaita da wannan na biyun ba, a nan baƙin allon ya samo asali. Da na binciki abin da ke cikin kwamfutata kafin in fara, da na shiga aikin da shiri.

A gaban sunan kowane guntu, wurin da ya kamata a ga direba babu komai. Ya ce dalili biyu ne suka haɗu, kuma dukkansu suna cikin littafina. Na farko shi ne shuɗin allon da na tsallake. Ya rubuta mokutil --sb-state, amsa ta nuna Secure Boot a kunne yake. Wannan tsari aikinsa shi ne hana duk wata manhaja da ba ta da sa hannun da aka amince da shi shiga zuciyar kwamfuta lokacin tashi, domin kare ta daga miyagun manhajoji. Direban da na girka a kan kwamfutata aka harhaɗa shi, aka sa masa hannu da wani mabuɗi na kwamfutar kanta, kuma shuɗin allon nan shi ne wurin da mai kwamfuta ke shaida cewa ya amince da mabuɗin. Tunda ban shaida ba, direban yana nan a girke amma mai gadi ya hana shi shiga. Dalili na biyu kuwa shi ne nomodeset da na saka dindindin. Wannan umarni ba guntu ɗaya yake tsayarwa ba, har direban Intel, wanda ba shi da wata matsala tun farko, ya hana shi karɓar allon. Sandar da na dogara da ita na shiga gida ita ce na bari a gicciye a bakin ƙofa.

Ya ba ni zaɓi. Ya ce hanya mafi sauri ita ce a shiga BIOS a kashe Secure Boot gaba ɗaya, mutane da yawa haka suke yi, kuma direban zai tashi nan take. Na ce masa, "Injiniya, tsaro ne ya raba ni da tsohuwar manhajar, ba zan so in fara sabuwar da cire ƙofa ba. Idan akwai hanyar da za a bar shi a kunne, ita nake so ko da za ta fi tsawo." Ya ce ba ta da wani tsawo. Ya mayar da direban da aka ba da shawara a kai, ya rubuta sudo update-secureboot-policy --enroll-key, aka nemi sabuwar kalmar sirri ta amfani sau ɗaya, ya ce in zaɓi mai sauƙi ta haruffa da lambobi zalla, domin a shuɗin allon ba a ganin abin da ake rubutawa. Sannan ya buɗe /etc/default/grub ya goge nomodeset, ya mayar da quiet splash, ya sake ba da umarnin sudo update-grub, wanda idan aka manta da shi gyaran da aka yi a fayil ɗin ba ya aiki.

Da muka sake kunnawa shuɗin allon ya dawo. Ya matsa gefe ya ce ni zan yi da hannuna. Na zaɓi Enroll MOK, wato a yi wa mabuɗin rajista, na amince, na rubuta kalmar sirrin a makance, kwamfutar ta sake tashi. Tambarin Mint ya fito, allon ya ɗan ƙifta a daidai wurin da ya saba mutuwa, gabana ya faɗi, sai ga fuskar shiga ta bayyana da rubutu siriri mai kaifi. Girman ya koma 1920 a 1080 da kansa, madannan haske suka amsa, gargaɗin kusurwa ya ɓace, kuma kafin mu gama gaisawa da maƙwabcin shagonsa fankar ta yi shiru. Da ya sake rubuta inxi -G, kowane guntu da sunan direbansa a gabansa. Na tambaye shi abin da zan biya, ya ce tsakaninsa da makarantar da ƙannensa ke karatu babu ciniki, sai da na matsa sannan ya karɓi kuɗin abincin rana.

Saura abu ɗaya da ya taso bayan na koma gida. A ƙasan allo wani ɗan gunki ya bayyana wanda ke ba da damar zaɓar guntun da za a yi aiki da shi, ni kuma saboda batir na zaɓi na Intel shi kaɗai. Ranar da na kai kwamfutar makaranta domin in nuna wa malamai jadawalin jarrabawa a talabijin ɗin ofis, na soka wayar HDMI, talabijin ya ce babu saƙo. Wannan karon ban taɓa komai ba sai da na buɗe littafina na duba abu na ƙarshe da na canza, na ga zaɓin guntun ne. A wasu kwamfutoci masu guntu biyu, ramin HDMI kai tsaye yake haɗe da guntu mai ƙarfin, don haka idan aka kwantar da shi ramin ma ya kwanta. Na mayar da zaɓin zuwa na tsakiya, wanda ke barin Intel ya riƙe aikin yau da kullum amma ya tashi ɗayan idan an buƙace shi, na sake kunna kwamfutar, jadawalin ya fito a talabijin.

Rubutun da ke allon ya yi mini ƙanana a cikakken girmansa, domin idona ba kamar da ba ne, amma ban rage girman allon ba, sai na ƙara girman haruffa a wurin saitin rubutu, hoto ya ci gaba da zama da kaifinsa. Na kuma ƙara tsarin madannai na Hausa da na Larabci, waɗanda na tarar suna cikin manhajar tun asali, ta yadda ƙ da ɗ da ɓ suke fitowa ba tare da na je neman su wani wuri ba. Daren Laraba na fara buga tambayoyin Fiƙihu na aji huɗu, an ɗauke wuta wajen ƙarfe tara, na rage hasken allon zuwa kashi 30 cikin 100, batirin ya kai ni har na gama na aji shida.